Kula da Giyar Motar Ɗaukar Amfanin Gona

Gabatarwa

Manomin da ke zaune a unguwar Madaki cikin garin Gombe, gonarsa kuwa tana Kwadon ko Dadin Kowa ko cikin ƙasar Akko, ya san cewa aiki bai ƙare ba sai amfani ya iso gida ko kasuwa. Buhun masara yana iya jiran mota kwana biyu, amma kwandon tumatir ba ya jira. Galibi kuma a tsakiyar kaka giyar mota ke lalacewa, lokacin da lodi ya yi yawa, gareji ya cika. Sai dai giya ba ta mutuwa farat ɗaya. Abubuwa uku ne ke cin ta a hankali: rashin mai, yawan lodi, da mugun tuƙi. Duka ukun suna hannunka.

Aikin giya

Inji yana juyawa da sauri, amma shi kaɗai ba zai iya tayar da mota mai kaya daga tsaye ba. Giya ce ke rage saurin ta mayar da shi ƙarfi. Giya ta ɗaya da ta biyu na ƙarfi ne, don tashi da hawan tudu da ratsa yashi. Ta huɗu da ta biyar na gudu ne a kan kwalta. Kuloci kuwa shi ke raba inji da giya a yayin da kake canzawa. A cikin akwatin giyar akwai haƙoran ƙarfe da boris, kuma mai ne kaɗai ke hana su cin juna.

Man giya

1. Ka duba man sau ɗaya a wata, da kuma kafin a fara kwasar amfani. Ka tsayar da motar a wuri mai daidai, ka kwance notin da ke gefen akwatin. Ya kamata man ya kai bakin ramin.
2. In za ka juye tsohon mai, ka fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, kada ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancewa.
3. Ka dubi abin da ya fito. Ɗan laushin ƙarfe a jikin maganaɗisun noti ba laifi ba ne. Ɓarɓashi mai kaushi yana nuna haƙori ko boris ya fara ci.
4. Mai da ya koma fari kamar madara ruwa ne ya shige shi. Hakan na faruwa idan an ratsa kwari da damina, domin akwatin yana da 'yar ƙofar shan iska a samansa. Ka canza shi nan take.
5. Motar da ke aikin lodi a canza mata mai bayan kilomita 40,000 zuwa 50,000, sai in littafinta ya faɗi ƙasa da haka.

Ba kowane mai ne na kowace giya ba. Yawancin motocin ɗaukar kaya suna shan mai lamba 80W-90 ko 75W-90. Mai alamar GL-4 shi aka fi so a akwatin giya, GL-5 kuma na aksil ɗin baya ne, domin a wasu motocin yana cin zobban tagulla da ke sa giya shiga ba ƙara. Peugeot 504 kuwa, wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, baƙin man inji ake zuba wa giyarta. Saboda haka ka bi littafin mota, kuma ka sayi mai a rufaffiyar galan. Araha ba ta ado.

Lodi da tuƙi

Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata. Ƙaramar motar da aka yi don tan ɗaya, buhu 10 ne na kilo 100. In ka ɗora mata 18 don gudun sawu biyu zuwa Tudun Hatsi, kuɗin man da ka tsimi za ka biya shi ninki a gareji. Ka kiyaye waɗannan:

1. Ka tashi da giya ta ɗaya duk lokacin da akwai kaya.
2. Kada ka bar ƙafarka a kan kuloci kana tafiya, kuma kada ka riƙe mota da shi a kan tudu.
3. Kada ka sa ribas sai motar ta tsaya cik.
4. In ka kafe a yashi ko taɓo, ka rage kaya, ka haƙe gaban taya, ka shimfiɗa itace. Taka totur da ƙarfi faifan kuloci yake ƙonawa.
5. Kada ka gangara tudu a firi. Giya ce ke taimakon birki.

Alamomin da ba a yi wa jinkiri

Ƙara a lokacin canza giya yana nuna kuloci ba ya saki sosai, ko zobban ciki sun cinye. Idan inji ya yi ta ruri amma gudu bai ƙaru ba, ga kuma ƙauri, faifan kuloci ne ya ƙare. Giyar da ke fita da kanta ta nuna lalacewa ta kai ciki. Ɗigon mai a inda mota ta kwana kuwa robar da ke tare mai ce ta gaji, kuma canza ta shi ne mafi sauƙin gyara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mota mai otomatik da tarakta

Man otomatik daban yake, galibi ja ne. In ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna, ka kai ta wurin bakanike. Irin wannan mota ba a tura ta don ta tashi, kuma ba a jan ta nesa tayoyin da inji ke juyawa suna ƙasa. A yawancin taraktoci, irin su Massey Ferguson, mai ɗaya ne ke yi wa giya da aksil da na'urar ɗaga garma aiki, don haka dattin da ya shiga ɗaya ya shiga duka.

A gareji

Ka nemi bakaniken da ya ƙware a giya. Ka sa ya fara duba mai da kuloci kafin ya sauke akwatin. In an buɗe, ka ga abin da ya lalace da idonka, kuma ka karɓi tsoffin kayan. In za ka sayi tsohuwar giya, ka daidaita lambarta da taka, ku kuma yi sharaɗin gwaji.

Kira ga malaman gona

Ku tunatar da ƙungiyoyin manoma su duba motocinsu da taraktocinsu tun cikin watan Satumba, su kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta ranar canza mai da adadin kilomita ko awoyin aiki.