Me Ya Sa Ƙararrawar Wasa Ta Yi Shiru?

Matasa a Sakkwato masu wasan chess a shafin Lichess sun san takaicin ƙarewar lokaci ba tare da ƙararrawar gargaɗi ta kaɗa ba. Galibi lasifika ƙalau take. Windows na ware wa kowace manhaja nata ma'aunin sauti, don haka a buɗe Volume Mixer a duba ko an rufe bakin Chrome.

Dalilin da ya fi ɓuya shi ne saitin kira. Da zarar kwamfuta ta gane ana kiran murya, sai ta rage sauran sautuka da kashi 80 cikin ɗari. A shiga Sound, sashen Communications, a hana ta. Haka kuma, idan an jona talabijin da wayar HDMI, sautin na iya tafiya can.