Hasashen yanayi: wace sigar samfuri ya kamata manhaja ta riƙe?

Hasashen ruwan sama da ake ji a rediyo a Garwa, Njamena ko Yamai yakan faro ne daga kwamfuta. A cikinta ake tafiyar da samfurin yanayi, wato tsarin lissafi da ke karɓar ma'aunin iska, zafi da laima, ya fitar da yadda sama za ta kasance nan da 'yan kwanaki. Tsakanin samfurin da mai hasashe akwai wata manhaja da ba a cika jin labarinta ba. Ita ke sauko da bayanai ta intanet, ta tsara su, ta tayar da samfurin, sannan ta zana taswira. Sai dai samfurori suna sauya siga, kuma dole masu rubuta manhajar su yanke shawarar sigar da za su riƙe da wadda za su saki.

Wasu sauye-sauyen babu zaɓi a cikinsu. Samfurin GFS na hukumar NOAA ta Amurka yana fitar da hasashen duniya baki ɗaya sau 4 a rana, kyauta, shi ya sa cibiyoyi da yawa suka dogara da shi. A watan Maris na 2021 aka koma siga ta 16, inda matakan da ake raba sararin sama zuwa gare su suka ƙaru daga 64 zuwa 127, aka kuma sauya wurin da ake ajiye fayiloli. Duk manhajar da ba a gyara ba, sai ta je tsohon adireshi ta dawo hannu rabbana. Cibiyar Turai ta ECMWF ita ma haka take yi: a watan Yunin 2023 ta rage tazarar ma'aunin tarin hasashenta daga kilomita 18 zuwa 9. A nan mai manhaja bin sahu kawai zai yi, domin tsohuwar siga ta daina fitowa.

Inda zaɓi yake shi ne samfurin yanki, wanda kowace cibiya ke tafiyarwa a kwamfutarta. Mafi shahara shi ne WRF, na cibiyar NCAR da ke jihar Kolorado. Da siga ta 4 ta fito a 2018, an sauya yadda ake lissafin matakan sama, har fayilolin farawa da aka shirya da siga ta 3 suka daina aiki da ita. Cibiyar da ta shafe shekaru tana daidaita tsohuwar siga da damunar Sahel ba za ta so ta jefar da wannan wahala ba, musamman idan kwamfutarta ta tsufa kuma ma'aikata kaɗan ne.

To me ya hana a riƙe dukkan sigogi? Kowace siga da aka riƙe sai an sake gwada ta duk lokacin da aka taɓa manhajar. Sigogi 5 na nufin gwaji kashi 5, kuma kuskuren da ya ɓuya a ɗaya ba lallai ya tsayar da aiki ba, yana iya fitar da taswira mai kyan gani amma ba daidai ba. Wannan ya fi tsayawar aiki haɗari.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a riƙe sabuwar siga tare da wadda ta gabace ta, a sanar da ranar sakin tsohuwar tun da wuri, sannan a tafiyar da su biyun kafaɗa da kafaɗa ana gwada sakamakonsu da ruwan da ya sauka a zahiri. A ƙasashen Sahel lokacin sauyin ma yana da muhimmanci. Rani ya fi dacewa da shi, ba watan Agusta ba.

Ambaliyar 2024 a Chadi, Nijar da arewa mai nisa ta Kamaru ta nuna darajar gargaɗin da ya iso da wuri. Ga mazaunin bakin kogin Logon, manhajar da ta tsaya kwana ɗaya saboda saɓanin siga na iya zama kwana ɗaya da ya rasa na kwashe iyali da hatsi zuwa tudu.