Kaza Da Romon Ruwan Kal: Abincin Baƙon Magariba

Baƙo ba ya aiko da takarda kullum. Wata rana na taso daga makaranta, na iske ƙanen matata da abokinsa zaune a zaure, uwargida kuwa tana kwance da zazzaɓi. Abin da ke ɗakin girki shi ne kaza ɗaya, da albasa, da tumatir, da kwalbar ruwan kal, wato ruwan tsamin nan na kanti da waɗansu ke kira binega. Na soya kazar, na kwarara mata ruwan kal, na sauke nan take. Baƙi suka ci don kunya, yara kuwa suka ture kwano. Kaza guda ta tafi a banza, ga ta da tsada.

Daga baya na gane inda na kuskure. A birnin Liyon na ƙasar Faransa, mutane sun daɗe suna dafa kaza da ruwan kal na inabi, har ta zama abincin da aka san garin da shi. Asirinsu ɗaya ne: ba a cin ruwan kal ɗanye. Sai ya tafasa, kaifinsa ya fita da tururi, tukuna ya zama romo mai daɗi.

Ga yadda za ki yi, uwargida. Ki nemi budurwar kaza ko ta gidan gona, gama tsohuwar kaza takan ci fiye da awa guda a wuta. Ki yanka ta gida 8, ki barbaɗa gishiri da masoro. Ki soya cikin man gyaɗa cokali 2 har minti 10, ta yi ja, sa'an nan ki kwashe. Cikin man nan ki soya albasa 2 da tafarnuwa ƙwaya 4. Yanzu ki zuba rabin kofi na ruwan kal, ki bar tukunya a buɗe har ya ƙone saura rabi. Kada ki yi gaggawa a nan. Idan warinsa ya daina shaƙe ki, ki zuba tumatir 3 da aka niƙa, da ruwa kofi 1, ki mai da kazar, ki rufe minti 20. Mutanen Liyon sukan ƙarasa da ɗan man shanu, domin ya tausasa tsamin.

Kafin ki sauke, ki soki cinya kusa da ƙashi. In ruwan da ya fito da sauran ja, ba ta nuna ba, kaza mai ɗanye kuwa tana kawo zawo da zazzaɓi. Ki wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan yanka.

Ki ɗora shinkafa tun farko, su nuna tare cikin minti 40. Maigida, kai ma ka koya. Da surukin nan nawa ya sake zuwa, ni na girka, har ya nemi ƙari.