Katin Memori da Danginsa: Yadda Karatu Ke Yawo Ba Tare da Intanet Ba



Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, da yawa daga cikinku ba ku manta da watan Satumba na 2021 ba. A ranar 3 ga wata aka rufe layukan waya a duk faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Gusau ta samu nata sabis a farkon Oktoba, wasu wurare kuwa sai ƙarshen Nuwamba ko bayan haka. Amma kun lura da wani abu? A duk tsawon kwanakin nan karatun Alƙur'ani bai daina tashi a shaguna ba, tun daga nan Damba har Tsafe da Bunguɗu, kuma samari ba su daina tura wa juna abubuwa a waya ba. To, ta ina abin yake bi, alhali an rufe hanya?

Amsa ita ce, ajiya daban, sabis daban. Abin da ya riga ya shiga cikin waya ko katin memori ya zauna, kamar hatsin da ke rumbu, babu ruwansa da ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba.

Iyayenmu sun san wannan tun zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Da kaset tafsirin malamai irin su Shaihu Abubakar Gumi da Shaihu Nasiru Kabara, Allah Ya jiƙansu, ya shiga ƙauyuka, wannan ya ara, wancan ya kwafa. Sai dai kaset babba minti 90 yake ɗauka. Idan makaranci ya sauke izu 60 a cikin awa 30, kun ga sai an tanadi kaset 20, ga kuɗin batir, ga zaren da rikoda ke taunewa ana gyarawa da biro. Yau wannan saukar duka ba ta cika giga 1 ba idan an matse sautin daidai wa daida. Ke nan kati mai giga 8, wanda bai wuce farcen ɗan yatsa ba, zai ɗauki saukar makaranta bakwai ko takwas.

Yaya ɗan mitsitsin abu yake riƙe wannan duka? A cikinsa akwai ƙananan ɗakuna biliyoyi da ido ba ya gani. Kowane ɗaki ana iya zuba masa ɗan ƙarfin lantarki ko a bar shi wofi, kuma da wannan "akwai" da "babu" ake rubuta sauti da hoto da littafi. Abin da aka zuba ba ya zubewa don an kashe waya. Filash da ake sokawa a kwamfuta, wanda ya shigo kasuwa a 2000, shi ma haka cikinsa yake, riga ce kawai ta bambanta. Ƙaramin katin da muke sa wa waya kuwa ya samu sunansa microSD a 2005. Ana gogewa a sake zubawa kamar yadda kuke wanke allo, amma kamar allon, yana tsufa. Wata rana sai ya ƙi buɗewa ba sallama. Don haka duk abin da yake da muhimmanci a ajiye shi wuri biyu.

Saura turawa. Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara aikinsa a 1994, ɗan ƙaramin rediyo ne a cikin waya, zangonsa kamar mita 10. Ya isa tura sura ɗaya ko hoto, amma wanda ya ce zai tura izu 60 da shi, to, ya nemi tabarma, don zai wuce awa guda. Xender da ire-irensa dabara ce ta daban: waya ɗaya ta buɗe tata 'yar tashar Wi-Fi, ɗayar ta shiga, sai kaya su wuce cikin 'yan mintoci. Babu hasumiyar kamfani a tsakani, shi ya sa turawar ba ta cin data ko kwabo. Wanda ba shi da babbar waya kuma, ga rediyon nan mai cin memori, wasu har da farantin hasken rana a bayansu. Ni a ganina, ga gidan da ke da yara masu hadda, wannan rediyo ya fi waya alheri nesa ba kusa ba, domin ba ya nuna hoto, kuma uwa tana jin abin da ke tashi tana tsakar gida tana aikinta.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne da wannan hali. A ƙasar Kuba, inda intanet ya daɗe yana wahala, mutane sun shahara da wani ƙunshi na mako-mako da ake yawo da shi gida-gida a ma'ajin kwamfuta. Kusa da mu kuma, wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a Jami'ar Jos a 1999, ya ga yadda intanet ke ba malamai wuya, sai daga baya shi da abokan aikinsa suka tara miliyoyin takardun ilmi a na'ura guda da ake girkawa a makaranta, suka sa mata suna eGranary, wato rumbu. Mu ɗaliban Larabci namu rumbun shi ne Maktabatus Shamila, dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu, ana buɗe su ba tare da intanet ba. Littafin da malamanmu suka yi tattaki zuwa Sakkwato ko Kano don su gan shi da ido, yau yana tafiya a filash.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Galibinmu ba mu muke zuba wa katinmu kaya ba, masu turi muke kai wa a kasuwa ko bakin tasha. Sana'a ce ta halal ga wanda ya tsare ta, kuma akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma idan ka aiki yaro ka ce "a cika shi", to za a cika shi da abin da ke gaba. Sau da yawa sunan da ke kan babban fayil karatu ne, a ƙarƙashinsa kuma akwai finafinan da ba za ka iya kallo tare da 'yarka ba. Baba, Inna, wanda ya biya kuɗin kati shi ke da haƙƙin buɗe shi. Ku faɗi abin da za a zuba da sunansa, in an kawo ku sa a kunna a gabanku. In ba ku iya dubawa ba, ku kawo makaranta a duba muku, babu kunya a ciki.

Ko karatun ma akwai lura. Makarantun allonmu da ruwayar Warshu suke karatu, yawancin Islamiyyu kuma da Hafsu. Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari na Masar, wanda ya fara naɗar cikakkiyar sauka a 1961, ya naɗi ruwayoyin biyu duka. Idan yaro yana biya Hafsu a aji, aka zuba masa Warshu a gida, sai ya rikice, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. Ku tambayi malaminsa wace ruwaya yake yi kafin a je turi. Kuma kati mai tilawa ne kawai, ba ya jin kuskurenka balle ya gyara maka mafitar harafi. Wannan sai an durƙusa gaban malami.

Sai guntayen wa'azi. Za a turo maka minti biyu a ce Malam wane ne ya faɗa, ba farko ba ƙarshe, ba a san gari ko shekara ba. Wataƙila maganar wani yake kawowa don ya rushe ta, aka yanke kafin ya kai can. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. A gari irin namu da ke fama da rashin tsaro, murya ɗaya ta ƙarya da ta bi waya ashirin tana iya tada unguwa tsaye. Wanda ya tura yana da kamasho a cikin abin da ya biyo baya.

Abu biyu kuma game da kasuwa. Akwai katin jabu, a jikinsa an rubuta giga 32, cikinsa bai kai haka ba ko kusa. Zai nuna ya karɓi kaya, sai ka zo buɗewa ka tarar wasu sun lalace. In ka saya, ka cika shi tun a ranar, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, in da matsala ka mayar tun mai shago bai manta fuskarka ba. Na biyu ya fi shafar 'yan mata da iyayensu: abin da aka goge a kati sau da yawa ana iya dawo da shi da manhaja, muddin ba a zuba wani abu a kansa ba. Saboda haka in za a kai waya gyara ko za a sayar da ita, a fara cire katin a bar shi gida. In kuwa katin ne ya mutu alhali akwai hotunan iyali a ciki, kada a bayar da shi kyauta, a karya shi biyu kafin a yar.