Bin Sawun Lantarki a Cikin Kwamfutar da Ta Ƙi Kamawa

Ba abin da ke tayar wa mai kwamfutar tafi-da-gidanka hankali kamar ya danna maɓallin kunnawa ya ji shiru: ba haske, ba ƙarar fanka, ko 'yar fitilar nan mai nuna caji ba ta ƙifta ba. Galibi idan aka kai ta wurin gyara, amsar da ake samu ita ce bod ya ƙone, sai an canja shi. Bod ɗin nan shi ne babban allon da ke shimfiɗe a ƙarƙashin maɓallan rubutu, wanda ƙwaƙwalwar kwamfuta da sauran sassanta ke manne a kansa, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Shi ya sa ake jingine na'urori da yawa a lungun ɗaki ƙura na cin su, tare da ayyukan makaranta da takardun da ke cikinsu. Alhali kuwa sau da dama abin da ya lalace bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, wahalar dai ita ce gano shi a cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa. Ƙwararren mai gyara ba ya canki-canki. Sawun lantarki yake bi tun daga soket har zuwa inda sawun ya ɓace, kuma ilmin da yake dogara da shi yana cikin darasin fiziks na makarantar sakandare.

Ma'aunai uku

A ɗauki misalin tankin ruwa da aka ɗora a kan hasumiya. Gwargwadon tsayin hasumiyar, gwargwadon ƙarfin da ke tura ruwan cikin bututu. A lantarki wannan ƙarfin turi da bolt ake auna shi. Yawan ruwan da ke wucewa ta bututun kowace daƙiƙa shi ne kwatankwacin kwararar lantarki, wadda ake aunawa da amfiya. Ƙuncin bututun kuwa, wanda ke rage wa ruwa gudu, shi ne turjiya, ma'auninta om. A shekarar 1827 wani malamin lissafi Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa dangantakar da ke tsakanin ukun: idan aka raba ƙarfin turi da turjiya, abin da ya fito shi ne kwarara. Idan kuma aka ninka bolt da amfiya, sai a sami wat. Duk wanda ya juya bayan caja zai ga wannan lissafi a rubuce, alal misali bolt 19 da amfiya 3.42, wato wat 65 ke nan.

Kayan aikin mai gyara na farko ita ce mita mai tsinke biyu, ja da baƙi, wadda ke auna waɗannan abubuwa uku. Na biyu kuma taswirar allon, mai nuna sunan kowane layi da adadin bolt ɗin da ya kamata a tarar a kansa.

Hanyar da lantarki ke bi

Lantarkin da ke fitowa daga soket a Nijeriya bolt 230 ne, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Aikin caja shi ne ta mayar da shi mai tafiya fuska ɗaya, ta kuma rage shi zuwa bolt 19, ko 19.5, ko 20. Daga bakin caji ya kan ratsa fis a allunan da ke da shi, sa'an nan ya iske taransista biyu irin waɗanda ake kira mosfet, da ke tsaye kamar masu tsaron ƙofa. Ba sa buɗewa sai wani ɗan guntu mai ƙafafu da yawa, wato aisin caji, ya tabbatar cewa ƙarfin da ya shigo daidai ne. Bayan ƙofar akwai wata 'yar turjiya ƙarama ƙwarai, galibi om 0.01. Idan amfiya 3 suka ratsa ta, bambancin da ke tsakanin gefenta biyu bolt 0.03 ne, kuma da wannan ɗan bambanci aisin ke sanin yawan abin da kwamfutar ke ja.

Daga nan lantarki ya hau babban layi, wanda ke zagaya allon baki ɗaya. A tsofaffin ƙira bolt 19 ɗin ne ke kan wannan layi, a sababbi da yawa kuwa ana rage shi zuwa kusan ƙarfin batir. Daga babban layin ake tatsar ƙananan layuka. Na farko su ne na bolt 3.3 da bolt 5, kuma na bolt 3.3 yana nan a raye ko da kwamfuta a kashe take, domin shi ke ciyar da wani ƙaramin guntu mai kula da maɓallin kunnawa da fanka da batir. Wannan guntu shi ne maigadin gidan, ba ya barci. Da an danna maɓalli sai ya shiga tayar da sauran layukan ɗaya bayan ɗaya: na ma'adanar wucin gadi, wanda a nau'in DDR4 bolt 1.2 ne, har zuwa na ƙwaƙwalwa, mai aiki da kimanin bolt 1. Kowane layi sai ya ba da alamar lafiya kafin a tayar da na gaba. Saboda haka idan ɗaya ya gaza, duk na bayansa ba za su tashi ba, kuma layin farko da aka tarar babu komai a kansa shi ke nuna unguwar da cutar take.

Daga waje ake farawa

Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, sai a gwada soket da wata na'ura, a duba wayar caja musamman wurin da take yawan lanƙwasa, a auna bakinta da mita. Wani lokaci caja ta kan nuna bolt 19 idan ba a haɗa ta da komai ba, amma da an ɗora mata nauyi sai ta faɗi, don haka gwaji da wata caja lafiyayya mai ƙarfi iri ɗaya ya fi tabbas. Bakin caji na jikin kwamfuta shi ma ya kan yi sako-sako saboda yawan sa wa da cirewa, ko dalmar da ta riƙe shi ta tsage. Alamarsa ita ce caji ya riƙa zuwa yana ɗaukewa idan aka motsa waya. Har ila yau akwai lokacin da maigadin nan ke ruɗewa ya tsaya cik. Maganinsa shi ne a cire caja da batir, a danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30, sa'an nan a mayar da caja.

Caja mai bakin USB-C, wanda aka fito da tsarinsa a 2014, tana da hali na dabam. Ba ta sakin komai sai ta ji an haɗa ta da na'ura. Ta kan fara da bolt 5, sai ita da kwamfutar su yi ciniki ta wani siririn layi, idan sun daidaita ta ɗaga zuwa bolt 20. Idan ma'auni ya nuna ta tsaya a kan bolt 5, to cinikin bai faɗa ba, sai a tuhumi wayar, ko dattin da ke bakin, ko guntun da ke yin cinikin a madadin kwamfuta.

Idan fitilar caja ta mutu

Wata alama da masu gyara suka sani sarai ita ce fitilar jikin caja ta mutu da zarar an soka ta a kwamfuta. Wannan na nuna cewa lantarki ya sami yanke, yana komawa ba tare da ya ratsa inda zai yi aiki ba. Shi ne abin da ake kira shot. Mafi yawan masu jawo shi su ne ƙananan kafasita na tangaran, masu launin ƙasa-ƙasa, da ke jere a gefen babban layi domin daidaita lantarki. Faɗuwa, ko lanƙwasar allo, ko zafi, ko ruwa, na iya tsaga ɗaya daga ciki ya zama kamar guntun waya. A ce turjiyarsa ta sauko zuwa rabin om. Bisa dokar Ohm, bolt 19 a raba da 0.5 zai ba da amfiya 38, fiye da ninki goma na abin da caja mai wat 65 ke iya bayarwa. Sai cajar ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Ana tabbatar da wannan ne bayan an cire caja da batir, a sa tsinke ɗaya na mita a kan babban layi, ɗayan a kan ƙarfen jikin allon. Lafiyayyen layi zai nuna dubban om, mai shot kuwa kusan sifiri. A nan ne ɗan koyo ke yawan tuntuɓe, domin layin ƙwaƙwalwa ko yana lafiya 'yan om kaɗan yake nunawa, sai a zaci cuta ce a shiga ɓamɓare abin da ba shi da laifi.

Sai dai mita ba za ta iya nuna wane kafasita ne mai laifin ba. Dukkansu a kan layi ɗaya suke, kowanne aka taɓa amsa ɗaya zai bayar. Abin da ke tona asirinsa shi ne zafi. A farkon shekarun 1840 James Joule na ƙasar Ingila ya nuna cewa duk inda kwarara ta ratsa turjiya sai zafi ya fito, kuma a 1845 Gustav Kirchhoff ya bayyana yadda kwarara ke rarrabuwa a mahaɗar layuka. Tunda sauran kafasitocin ba sa barin lantarki mai fuska ɗaya ya wuce, kusan dukkan kwararar ta wurin lalataccen za ta bi. Sai mai gyara ya ɗauko na'urar ba da wuta ta kan tebur, ya daidaita ta a bolt 1, ya ɗura a layin. Bolt 1 a kan rabin om amfiya 2 ne, wato zafin wat 2 a jikin abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Idan aka shafa wa wurin sifirit mai saurin bushewa, kan mai laifin ne zai fara bushewa. Masu hali kuma na amfani da kyamarar da ke ganin zafi. A cire shi da iska mai zafi, a sake aunawa, idan turjiya ta koma sama a manna sabo irinsa.

Dalilin tsayawa a bolt 1 yana da muhimmanci. Wani lokaci shot ɗin na jikin mosfet ɗin da ke tsakanin babban layi da ƙwaƙwalwa ne, ta yadda duk abin da aka ɗura zai zarce kai tsaye zuwa gare ta. Ƙwaƙwalwar da aka gina don kimanin bolt 1 ba ta jure bolt 19, kuma idan ta mutu gyara ya ƙare. Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tana aiki amma ba ta caji

Wannan cuta ta fi ta farko yawa. Da farko a duba tsarin kwamfutar, domin wasu kamfanoni sun sa zaɓin tsayar da caji a kashi 60 ko 80 cikin ɗari don batir ya daɗe, wannan kuwa ba lalacewa ba ce. Na biyu, cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, wadda ta nan kwamfuta ke gane ƙarfin cajar. Idan allurar ta karye, ko wayarta ta tsinke, kwamfuta za ta iya kamawa amma ta ƙi yin caji ko ta rage gudu.

Na uku shi ne batirin kansa. Batirin lithiyam, wanda kamfanin Sony ya fara kai wa kasuwa a 1991, ƙwayoyi ne da aka jera. Kowace ƙwaya kimanin bolt 3.7 take bayarwa, kuma yawanci a bolt 4.2 take cika. Ƙwaya uku a jere ke nan bolt 11.1, a cike 12.6. A cikin batirin akwai ɗan allo mai lura da kowace ƙwaya, yana kuma aika wa maigadin kwamfuta bayanin zafi da yawan caji ta wayoyi biyu. Idan ƙwaya ɗaya ta yi ƙasa fiye da ƙima, ɗan allon ya kan rufe ƙofa ya ƙi karɓar caji. Idan kuma tsatsa ta ci wayoyin bayanin, kwamfuta za ta ce ba ta ga batir ba. Sai an wanke duk waɗannan daga zargi kafin a koma kan aisin caji da mosfet ɗin da ke kai wuta ga batir.

Hattara

Abubuwa biyu ne ba a wasa da su. Na ɗaya cikin caja, inda akwai babban kafasita mai riƙe fiye da bolt 300 ko bayan an zare ta daga soket, don haka ɗalibi ba ya fasa caja. Na biyu batir. A watan Agustan 2006 kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 daga hannun jama'a, saboda burbushin ƙarfe da ke cikin wasu ƙwayoyin na iya haddasa shot har wuta ta tashi. Batirin da ya kumbura, har ya ɗago maɓallai ko ya buɗe murfin ƙasa, ba a huda shi, ba a danne shi, ba a kuma ci gaba da yi masa caji. Kafin a taɓa allo dole a cire caja da batir, a kuma taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa, musamman a lokacin hunturu da busasshiyar iska ke tara lantarki a jikin mutum, irin wanda ke yin tartsatsi idan an cire rigar sanyi. Ɗan wannan tartsatsi ya isa ya kashe aisi. Haka nan yana da kyau a zare caja daga soket lokacin tsawa da lokacin da ake tayar da janareta, sai wuta ta daidaita a mayar.

Darasi a aji

Malamin fiziks na iya kawo wannan aiki cikin aji ba tare da an taɓa kwamfuta mai rai ba. Mataccen allo guda daga wurin masu gyara, da mita, da gilashin ƙara girma sun wadatar. Ɗalibai su nemo bakin caji, su bi layin zuwa mosfet biyu da 'yar turjiyar nan, su auna turjiyar babban layi da ta layin ƙwaƙwalwa, su rubuta abin da suka samu. Daga nan kowa ya lissafa amfiya nawa za su kwarara da a ce an ɗora bolt 19 a kan kowanne daga cikin layukan biyu, ya kuma kwatanta amsarsa da adadin da ke rubuce a bayan caja.