Yadda Giyar Inabi Ta Sauka Daga Teburin Faransawa

A farkon shekarun 1960, da za a raba giyar inabin da ake sha a Faransa a shekara kan kowane mutum, da kowa ya tashi da fiye da lita 100. Yau rabon bai wuce kimanin lita 40 ba. Binciken da hukumar FranceAgriMer ke yi lokaci-lokaci ya nuna cewa a 1980 kusan rabin manya na shan ta kullum ko kusan kullum, amma a 2022 irin waɗannan mashaya sun koma kashi 11 cikin 100. Ga yawancinmu giya haramun ce, magana ta ƙare. Amma yadda al'umma ke sakin ɗabi'ar da ta gada kaka da kakanni, da wanda ke biyan kuɗin wannan sauyi, abin a tsaya a duba ne ko da mutum bai taɓa kusantar kwalba ba.

Faransawa ba su daina shan giyar inabi ba, mazauninta ne ya sauya. A da abinci ce. Lebura a ma'aikata da manomi a gona suna ɗaukar ta ne kamar yadda manominmu ke ɗaukar fura zuwa gona: abin kore ƙishi da ƙara ƙarfi, sau da yawa ma a tsarma ta da ruwa. Ja ce mai arha, mafi yawanta daga yankin Languedoc na kudu, ana gauraya ta da mai ƙarfi da ake shigowa da ita daga Aljeriya, wadda a ƙarƙashin mulkin mallaka ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da giyar inabi. Hatta yara ba a bar su a baya ba, domin sai a 1956 aka hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakunan cin abinci na makarantu, manyan makarantun sakandare kuwa sai 1981. A wancan zamani babu mai ba wani shawarar wadda zai saya. Mutum ya kai kwalbarsa kanti a cika masa, ya biya, ya tafi.

Masu gonakin inabi sun fi son ɗora laifin a kan doka, musamman dokar Évin ta 1991 da ta hana tallar barasa a talabijin, ta kuma ƙuntata abin da za a iya faɗa a sauran tallace-tallace. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, don shan ya kama hanyar raguwa shekara talatin kafin dokar. Abin da ya fi yin tasiri shi ne aiki ya sauya. Mutane sun bar gona da wuraren haƙar ma'adinai sun koma ofis, kuma wanda zai wuni gaban kwamfuta ba ya iya shan rabin lita da rana. Hutun cin abincin rana ya gajarce, komawa gida a ci tare da iyali ya ragu. Sannan ga mota. A 1972 haɗurran hanya sun ci rayuka fiye da 16,000 a ƙasar, gwamnati ta yi ta matsa wa direbobi har a 1995 aka sauko da iyakar barasa a jini zuwa giram 0.5 a kowace lita.

Akwai kuma abin da ba doka ce ta kawo shi ba. Kowane tsara na shan ƙasa da na iyayensa, domin yaron da bai tashi ya ga kwalba a tsakiyar tebur kullum ba, ba zai ji abinci ya gaza don babu ita ba. Cimar kanta ta sauya. Jan nama mai romo da ake haɗawa da jar giya ya ja baya, abincin gaggawa da ɗan taɓa-ka-lashe na yamma da suke kira apéro suka samu shiga. A irin wannan zama, giyar biya da farar giya da giya mai ruwan hoda mai sanyi ta yankin Provence sun fi karɓuwa.

A nan ne al'adar ba juna shawara ta samu gindin zama. Abin da ake sha kullum ba a tattauna shi, amma abin da ake buɗewa ranar Asabar idan abokai sun zo, dole a zaɓe shi, a kuma iya faɗin dalilin zaɓen. Baƙo kan zo da kwalba a hannu, ya ce daga wani ƙaramin manomi ya samo ta lokacin hutu, mai gida ya ɗauki hoton takardar jikinta da waya. Manhajar Vivino, wadda aka kafa a Denmark a 2010, a kan wannan ɗabi'a ta ginu: ka ɗauki hoto, ka ga makin da sauran mutane suka bayar. Kafin nan, maki ɗari na Ba'amurke gwanin ɗanɗanon giya Robert Parker ne ke ɗaga farashi ko ya kayar da shi, kuma tun 1973 kantunan Leclerc suka fara kasuwar rangwamen giya ta kaka wadda sauran manyan kantuna suka kwaikwaya. Yanzu bakin aboki da na mai ɗan shagon unguwa sun fi na gwani nauyi, musamman a wajen matasan birane masu neman giyar da ba a zuba wa sinadarai da yawa ba. Da yake talla a ɗaure take, wannan shawara ta fatar baki ita ce kasuwar.

Sai dai masu sana'ar sun ɗaure kansu da igiyarsu. Sun kwashe shekaru suna koya wa jama'a cewa kowace giya da abincinta, kowane yanki da sunansa, kowace shekara da darajarta, har UNESCO ta sa tsarin liyafar Faransawa cikin gadon al'adun duniya a 2010. Sakamakon shi ne zaɓen kwalba ya zama jarrabawa. Matashin da ke tsoron ya kai wadda za a raina gidan abokinsa, sai ya sayi biya ya huta.

Ta fuskar lafiya, riba ce ba ko tantama. Mace-macen ciwon hanta da barasa ke haddasawa sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1960. Zancen nan da ya bazu bayan wani shirin talabijin na Amurka, 60 Minutes, a 1991, wai jar giya ce ke kare zukatan Faransawa, ya rasa magoya baya cikin likitoci. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutarwa. Shawarar hukumomin Faransa tun 2017 ita ce kada a wuce kofi biyu a rana, ba kullum ba, kuma kada a haura goma a mako. Duk da haka an ƙiyasta barasa ta yi sanadin mutuwar mutum 41,000 a ƙasar a 2015, kuma wanda ya ƙaurace mata kwana biyar ya rama ranar Asabar bai tsira ba. Gwamnati kanta ƙafa biyu take takawa: ma'aikatar lafiya na gargaɗi, Shugaba Macron kuwa ya taɓa bayyana cewa yana sha rana da dare, kuma gwamnatinsa ta ƙi mara wa gangamin ƙaurace wa barasa na watan Janairu baya.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne ƙaramin manomin jar giya. Manyan gidaje masu suna na Bordeaux da Bourgogne suna da masu saye a ƙetare, amma dubban gonakin da ke kewaye da su an shuka su ne don mai sha kullum, kuma wannan mutum yana ƙarewa. Kasuwar China ta rufe ɓarakar na ɗan lokaci, sannan ita ma ta ja baya. A 2023 gwamnati ta ware Yuro miliyan 200 don mayar da rarar giya barasar masana'antu, aka kuma tsara tuge inabi a kusan hekta 9,500 a yankin Bordeaux kaɗai. A watan Oktoban shekarar, manoman kudu suka tare manyan motocin Sifaniya masu ɗauke da giya a Le Boulou suka malalar da kayansu a kan titi, a yankin da kakanninsu suka yi boren 1907 kan faɗuwar farashi. Ba motocin Sifaniya ne matsalarsu ba. A 2024 sai da aka sake ware Yuro miliyan 120 don biyan manoma Yuro 4,000 kan kowace hekta da suka tuge.

Wasu sun juya ga giyar da aka cire wa barasa, wadda dokar Tarayyar Turai ta amince da sunanta tun 2021, suna hangen matasa da kasuwannin ƙasashen Musulmi. Kasuwar na girma, amma ta yi ƙanƙanta ƙwarai ta ɗauke amfanin gonakin da ake tugewa. Kuma babu wata ƙasa da ke jiran ta kwashe rarar: ƙungiyar OIV mai sa ido kan harkar inabi ta ce abin da duniya ta sha a 2024 shi ne mafi ƙaranci tun 1961.