Makamashin Nukiliya na Gobe: Ina Rabon Jigawa?

Mai walda a Dutse da manomin rani da ke tayar da injin ban ruwa a fadamar Haɗejiya ciwonsu ɗaya ne: wutar lantarki ba ta isa, man janareta kuma ya yi tsada. Shi ya sa muhawarar da masana ke yi kan makamashin nukiliya ta shafe mu kai tsaye.

Hanya biyu ake samun wannan makamashi. Ta farko ita ce tsaga ƙwayar zarrar yuraniyam, kuma da ita tashoshin nukiliya na duniya ke aiki a yau. Aibinta shi ne, kashi 0.7 cikin ɗari kacal na yuraniyam ɗin da ake haƙowa ne ke tsaguwa cikin sauƙi, ga kuma dattin da ke daɗewa yana fitar da tururin guba. Ta biyu ita ce narkar da ƙwayoyin haidirojin su haɗe, kamar yadda ake yi a cikin rana. A doron ƙasa, wannan tana buƙatar zafin da ya haura digiri miliyan 100. Sai a Disambar 2022 ne cibiyar Lawrence Livermore ta Amurka ta samu makamashin da ya zarce wanda hasken leza ya zuba wa abin gwajin, amma har yanzu babu tashar da ke ba gari wuta ta wannan hanya.

Dabarar gama hanyoyin biyu, wadda Hans Bethe ya yi wa kamfe a 1979, ita ce a kunna haɗewar a tsakiya, a kewaye ta da yuraniyam ko toriyam. Ƙwayoyin niyutiron masu tsananin gudu da ke fitowa daga tsakiyar za su tsaga har yuraniyam mai lamba 238, wanda galibi ake jingine shi, su kuma cinye wani ɓangare na dattin. Da zarar an kashe tsakiyar, tsagawar ma ta tsaya. Har yau dabarar ba ta wuce matakin bincike ba.

Mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit ta Nijar, an kuma shafe shekaru ana kai shi Faransa, alhali ƙauyukan ƙasar na kwana cikin duhu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004.

Buƙatar yau dai hasken rana ne zai biya ta, Allah kuwa ya wadata Jigawa da shi. Amma da sanyin safiya ake kama fara. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ta ƙulla alaƙa da cibiyar da ke kula da tukunyar Zariya, gwamnatin jiha kuma ta ɗauki nauyin ɗaliban fiziks har matakin digirin digirgir. In ba mu horar da namu ba, ranar da fasahar ta nuna, ma'adinin zai fito daga yankinmu, ilimin da ribar kuma su zauna a hannun wasu.